Fitilar motarka: ta gani ce, ko ta a gan ka?

Duk matashin da Allah ya hore wa mota a 'yan shekarun nan, ko da tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano, akwai wurare uku da kusan dole sai ya leƙa kafin satin farko ya ƙare: wurin mai tintet, wurin mai sifika, da wurin mai fitila. Na farko da na biyu, tsakaninsa ne da aljihunsa da kuma jami'an hanya. Na ukun kuwa ya shafe mu duka, domin hasken mota ba ya tsayawa a kan mai ita, a idon wani yake sauka.

Sai ka ga an cire ƙwan da kamfani ya saka an jefa a but, an ɗaura LED ko zenon mai farin haske da ratsin shuɗi. Daren farko ana ta ɗaukar bidiyo ana sawa a TikTok. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ƙorafi ya fara: fitila tana ƙiftawa, tana kawowa tana ɗaukewa, ɗaya ta fi ɗaya haske, dashbod ya kunna alama wai ƙwai ya mutu alhali ga shi nan yana ci. Me mutumin naka zai yi? Ya koma Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wani ƙwan, wanda ya fi na farko tsada, ya kuma fi shi shuɗi. Sati uku, ƙiftawa ta dawo.

A ganina, ƙiftawar nan da zaɓen launin nan ciwo ɗaya ne. Muna sayen fitila da idon ɗan kallo, da rana tsaka, a bakin shago, alhali aikinta na direba ne da tsakar dare a kan kwalta. Wanda ya san abin da ke sa fitila ƙiftawa zai daina zubar da kuɗinsa a kan ƙwai. Wanda kuma ya san ma'anar lambobin launi zai daina biyan kuɗi don ya rage wa kansa gani, ya kuma kashe wa ɗan uwansa ido.

Ƙwai uku, kowanne da halinsa

Mu fara sanin abin da muke cirewa da abin da muke sakawa. Ƙwan da yawancin motocinmu suka zo da shi halojin ne, irin su H4, H7, H11, 9005 da 9006. A cikinsa akwai wani siririn zare na ƙarfe, wuta ta bi ta cikinsa ya yi zafi har ya ba da haske. Wat 55 zuwa 65 suke ci. Shi wannan zaren yana da haƙuri. In wuta ta ɗan yi ƙasa, kafin ya huce ta dawo, don haka idonka ba ya ganin komai.

LED ba shi da wannan haƙurin. Ba zafi ke ba shi haske ba, saboda haka da wuta ta motsa shi ma zai motsa nan take. Yana kuma da ɗan akwatin da ke daidaita masa wuta, wani a jikin ƙwan, wani a kan wayar. Shi kuwa zenon, wato HID, babu zare a cikinsa sam. Tartsatsi ne ke tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar gas, kuma kafin ya kama sai akwatinsa, wanda ake kira balas, ya ɗaga bolt 12 na batir zuwa sama da bolt 20,000. A lokacin kamawar nan yana zuƙar wuta fiye da yadda yake ci in ya zauna.

To ka ga ke nan, motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo da tsatsa a kan batir, da soket mai girgiɗi, da altaneta da ta fara gajiya, halojin yana rufa mata asiri. Ranar da ka saka LED, ranar asirin ke tonuwa. Sau da yawa sabon ƙwan bai kawo cutar ba, nuna ta kawai ya yi. In ka canza shi ba ka taɓa cutar ba, tamkar ka fasa madubi ne don ya nuna maka ƙurji a fuska.

Tambayoyi biyar kafin ka buɗe aljihu

Fitila ba ta ƙiftawa haka kawai, kuma yadda take ƙiftawar shi ke gaya maka inda matsalar take. Ka tambayi kanka abubuwa biyar.

Ta farko: ɗaya ce ke yi, ko duka biyun? In ɗaya ce, yi musanya. Kashe mota, bari ƙwan ya huce, ka mayar da na hagu dama, na dama hagu. In ƙiftawar ta bi ƙwan, to ƙwan ne. In zenon ne kuma ba ta bi ƙwan ba, musanya balas ɗin. In kuwa ta tsaya a gefenta duk abin da ka saka, laifin yana soket ko wayar wannan ɓangaren. Aikin minti goma ne, ko sisi ba ka kashe ba. Sai dai fa kada ka kuskura ka sa hannu a zenon yana kunne, wutarsa ba ta wasa ba ce. Kuma gilashin halojin ko na zenon ba a kama shi da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Shi zenon, in ka ga haskensa ya koma ruwan hoda ko shunayya, yana ɗaukewa yana dawowa, tsufa ne ya kama shi, canji kawai yake so.

Ta biyu: in duka biyun ne, sauran fitilun motar fa? Dubi ta cikin mota da ta dashbod. In su ma suna rawa, in ka taka totur haske ya ƙaru, in ka kunna AC ya dusashe, ka ƙyale ƙwai ka nufi batir da altaneta. Kowane ɗan rewaya na ƙwarai yana da mitar gwada wuta. Mota a kashe, batir mai lafiya zai nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. In inji na aiki, ya kamata a ga wajen 13.5 zuwa 14.5. In lambar ta gaza haka, ko tana tsalle sama da ƙasa, a duba fambel ko ya saki, a duba altanetar kanta. A kuma dubi kan batir. Wannan farin garin da ke taruwa a kai yana tare wuta. Ƙusar da muke bugawa ko guntun gwangwanin da muke cusawa don kan batir ya kama kuwa, dabara ce ta a kai gida, ba ta a zauna da ita wata shida ba.

Ta uku: a gargada take yi? In kana kan kwalta mai santsi lafiya lau, da ka faɗa rami ko ka hau kwalbati ta ƙifta, wani abu ne ya saki. Ko soket ne, ko inda aka murɗa waya da waya aka naɗe da baƙin tef. Akwai kuma wata waya da mutane ke mantawa da ita, wadda ke ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota. Wutar da ta shiga ƙwai dole ta koma batir, kuma ta jikin motar take bi. In tsatsa ta ci wurin, ko an yi wa mota fenti bayan bugun fanalbita fentin ya shiga ƙarƙashin notin, hanyar komawa ta ƙuntata. A kwance, a kankare har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau. Soket ɗin ma ka leƙa cikinsa. In ya yi baƙi ko robar ta narke, akwai alamar wani ya taɓa saka ƙwai mai wat 100 a wayar da aka yi don wat 55.

Ta huɗu: sai ta yi minti goma sha biyar ko ashirin tana ci sannan ta fara? Wannan zafi ne. Mutane na cewa LED ba ya zafi. Gabansa ne ba ya zafi, amma gindinsa yana yi sosai, shi ya sa aka yi masa 'yar fanka ko haƙarƙarin alminiyom a baya. In zafi ya yi yawa, akwatinsa yana rage wuta ko ya yanke ta don ya ceci kansa. Ka kunna fitila, ka buɗe bonet, ka kasa kunne ko fankar na juyawa. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe ta. Wani kuma sai an matse ƙwan da wayoyinsa a bayan murfin roba, babu inda iska za ta zaga. Wani ya ce to a cire murfin gaba ɗaya, sai ƙura da ruwan damina su shiga cikin fitilar su cinye madubin. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. In ƙwan bai shiga gidansa murfi ya rufu yadda ya kamata ba, ba na motarka ba ne.

Ta biyar: sai inji na aiki take yi, ko da rana, ko daidai lokacin da ka murɗa makulli? Nan kwamfutar motar ce ke magana, wadda makanikai ke kira birenbos. Kanada ta wajabta wa sababbin motoci fitilar rana tun ƙarshen 1989, kuma da yawa daga cikin motocin da aka ƙera don kasuwar Kanada da Amurka, waɗanda su ne suka cika titunanmu, da ƙwan ful ko na dim suke wannan aiki, a rage masa ƙarfi. A wasu motocin, yadda ake ragewar shi ne a dinga kunna wutar ana kashewa da sauri, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Halojin yana haɗiye wannan, ka gan shi ya ɗan dusashe kawai. LED kuwa sai ya bi kiɗan ya yi ta rawa. Motocin Turai da yawa kuma suna da tsarin duba ko ƙwai na da rai. Ƙwan wat 55 yana jan wajen amfiya huɗu da rabi. LED ɗin kasuwa sau da yawa ko rabin haka ba ya ja. Sai kwamfutar ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta kunna alama a dashbod, ta dinga aika 'yar wuta tana gwadawa, ko ta yanke layin baki ɗaya.

Maganin wannan na ƙarshe shi ne dikoda da ta dace da motar, ko a ja waya mai kauri kai tsaye daga batir ta bi ta rile, tsohuwar wayar ta zama mai ba da umarni kawai. In dikodar mai rizisto ce, ka sani tana zafin da zai narka roba, a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, nesa da wayoyi. Kuma duk wayar da aka jawo daga batir, sai da fiyus a kusa da batir ɗin. Wanda ya ce maka ba sai an sa ba, ko ya naɗa silin waya a gurbin fiyus da ya ƙone, wallahi ashana yake ajiye maka a cikin bonet.

A nan ina da magana da mu masu motocin. Muna iya ba da kuɗi mai kauri a kan ƙwai a cikin kwali mai ƙyalli, amma in ɗan rewaya ya ɓata awa ɗaya yana bin waya har ya gano noti ɗaya da ya saki, sai mu ce, "Haba oga, ai ba abin da ka canza." To in bincike ba ya kawo masa abinci, me zai hana ya ce maka ƙwai ne, ya aika yaro ya sayo? Ka biya mai gano cuta, shi ne ya cece ka daga saye na biyu da na uku.

Lambar K ba ƙarfin haske ba ce

Mu zo kan launi. A jikin kwalin za ka ga 4300K, 6000K, 8000K, har 10000K. Mai shago zai ce maka, "Yallaɓai, ɗauki mai dubu takwas, wannan kamar rana yake." Mu kuma da yake mun saba babbar lamba ita ce babban kaya, sai mu miƙa kuɗi.

Wannan K ɗin Kelbin ne, kuma launin haske yake aunawa, babu ruwansa da yawansa. Hasken kyandir yana wajen 1900. Halojin yana wajen 3200, shi ya sa yake da ruwan ɗorawa. Zenon da kamfanonin motoci suka saba sakawa yana wajen 4300, fari mai ɗan ɗumi. Hasken rana da tsakar rana wajen 5500 ne. Daga 6000 shuɗi ya fara shigowa, 8000 shuɗi ne sosai, 10000 zuwa sama ya doshi shunayya. Wato mai dubu takwas ɗin nan ya ma wuce launin ranar da ake kwatanta shi da ita.

Yawan haske da lumen ake auna shi. Ƙwan H7 na halojin yana ba da wajen lumen 1,500, zenon na kamfani mai wat 35 kuma wajen 3,200. Ka riƙe waɗannan lambobin, su za su sa ka yi dariya in ka ga ɗan ƙwai mai araha an jera masa sifili a kwali kamar fitilar filin ƙwallo. A zenon, duk sanda ka haura sama da 4300 zuwa 5000, hasken da idonka ke amfana da shi raguwa yake. Halojin mai gilashi shuɗi kuwa ya fi ban haushi: fentin tace hasken yake, ya zubar da wani kaso don abin da ya rage ya yi kama da fari. Ka biya kuɗi ke nan an rage maka haske.

Sai a duba hanyoyin da muke bi. Me kake son gani da dare? Ramin da jar ƙasa ta leƙo a tsakiyar kwalta, jar akuya, saniya, amalanke babu fitila, tirelar da ta lalace an jera mata ganye, mutum cikin riga mai duhu yana tsallakawa. Yawancinsu launin ƙasa ne da ja-ja. Farin LED mai araha da ya karkata ga shuɗi yana da ƙarancin ja a cikinsa, don haka irin waɗannan abubuwan sai su fito toka-toka, su saje da hanya. Allon hanya mai ƙyalli zai yi ta walwali ka ɗauka kana gani sosai, alhali akuyar da ke gefen allon ba ta fito ba.

Ga kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana dawo maka da haskenka a fuska. Kada wani ya ruɗe ka cewa yalo yana huda hazo kamar mashi, ƙura tana tare kowane launi. Abin da ke akwai shi ne ido ya fi jure haske mai ɗumi in ya dawo masa, shuɗi kuwa yana gajiyar da shi yana sa shi ruwa. Faransa ta wajabta fitila ruwan ɗorawa daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993, kuma rage ɗaukar ido na cikin dalilan da aka riƙa bayarwa. Abin da ya fi launi taimako a hazo shi ne ka sauka daga ful ka koma dim, ka kunna fitilun ƙasa in motarka na da su, ka kuma ɗaga ƙafa daga totur.

Don haka in ka tambaye ni, babbar fitila ta tsaya tsakanin 4300 da 5000. In ka matsa wa fari, kada ka wuce 6000. Fitilun ƙasa na hazo, yalo mai 3000 ya yi. Daga 8000 zuwa sama kuwa, ado ne na bakin majalisa, ba kayan tafiyar dare ba.

Idon wanda ke tahowa

Akwai abin da ya fi ƙiftawa da launi nauyi, shi ne inda hasken ke sauka. Gidan fitila ba gwangwani ba ne da za a jefa kowane ƙwai a ciki. Madubin da ke ciki an lanƙwasa shi ne daidai da wurin da zaren halojin yake zama da kuma kaurinsa, don ya tattara hasken ya kwantar da shi a kan kwalta, ya yanke shi a ƙasa da idon mai tahowa. In ka saka ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, ko da tazarar ba ta fi kaurin tsinken ashana ba, sai lissafin ya rushe. Haske ya watse sama, ya haska rassan bishiya da rufin shaguna, ya cika gaban bamba da fari fat, can nesa kuma inda kake bukata duhu. Kai a ciki kana jin daɗi wai ko'ina ya haskaka, alhali hasken da ya taru kusa da kai ma ƙanƙance maka ƙwayar ido yake, ganin nesa ya ragu.

Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ɗauki abin da zafi. A Ingila, tun 2021, motar da aka cusa wa LED ko zenon a gidan halojin tana faɗuwa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da tsofaffin motoci ƙwarai. A Jamus sai a 2020 aka fara amincewa da LED na canji, shi ma ga motocin da aka gwada shi a jikinsu ɗaya bayan ɗaya. A dokar Turai, dim ɗin da ya haura lumen 2,000 sai motar tana da na'urar wanke gilashin fitila da ta daidaita tsayin haske da kanta. Wato sababbin motocin da kake gani da farin haske kana sha'awa, gidan fitilarsu don wannan hasken aka ƙera shi tun daga tushe.

Yanzu yi wannan lissafin. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ka dalle direban da ke tahowa ganinsa ya ɗauke na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar sama da mita 80 a makance. A hanya mai kwalta ɗaya da kowa ke bin hannunsa, irin ta Bauchi zuwa Gombe, wannan makahon da ka ƙirƙira kai yake dosowa. In ya kauce maka kuma, gefen hanya zai faɗa, inda ɗan acaɓa da mai tallar rake da yaran da ke dawowa daga makarantar dare suke. Direban da ya manyanta ya fi ka shan wahala, domin idon dattijo ya fi daɗewa kafin ya dawo daidai. Ka tuna mahaifinka ma yana tuƙin dare.

Na san abin da wasu za su ce

Wani zai ce, "Malam, kai ba ka bin hanyar dare ne? Halojin ɗina kamar aci-balbal yake. Babu fitilun titi, ga ramuka, ga halin tsaro da ake ciki, dole in hango nesa. Kuma kowa dalle ni yake, ni kaɗai zan zauna da haƙuri?"

Maganar gaskiya ce, ba na raina ta. Amma kafin ka yanke wa halojin hukunci, dubi gilashin fitilar. In rana ta dafa robar ta yi hazo-hazo ta koma ruwan ɗorawa, ko me ka saka a ciki ba zai fito da kyau ba, LED ma ƙara watsuwa zai yi. A goge ta a shafa mata abin kariya, ko a canza. Dubi madubin ciki ko ya ƙone. A gwada wutar da ke isa soket, domin halojin in wuta ta ragu kaɗan, haskensa raguwa yake da yawa. Motoci da dama da ake cewa fitilarsu ta mutu, gilashi mai tsabta da waya mai kyau da ƙwai na asali kawai suke nema.

In duk an yi wannan kana son LED, ban ce haramun ne ba. Nemi wanda ƙwayoyin haskensa sirara ne, suna zaune daidai inda zaren halojin yake, a saka shi suna kallon gefe da gefe. Fitila mai ƙwayar gilashi a ciki, wadda ake kira furojekta, ta fi iya riƙe shi. Sannan ka kai motar gaban bango.

Gwajin bango ba ya cin ko kwabo. Da dare, a fili mai daidai, ka tsaya mita 10 daga bango. Auna tsayin tsakiyar fitilarka daga ƙasa, ka ja layi a bangon daidai wannan tsayin. Kunna dim. Ya kamata ka ga haske ya yanke da layi mai kaifi, wajen santimita 10 a ƙasa da layinka. A jikin fitilu da yawa ma an rubuta 1.0% ko 1.2%, abin da ake nufi ke nan. In ya haura, akwai notin saiti a bayan fitilar. In kuwa babu layi sam, haske ya barbazu kamar an watsa gari, wannan ƙwan bai dace da gidan ba, cire shi. Ka kuma lura, in ka loda buhuna a but ko ka cika bayan mota da mutane, hancinta ɗagawa yake, dim ya zama ful. Wannan 'yar tayar da ke gefen sitiyari a wasu motoci mai lamba 0, 1, 2, 3, aikinta ke nan. Haka motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu: Najeriya ta koma bin hannun dama tun 1972, ita kuwa fitilar irin wannan mota an ƙera ta ne ta ɗaga haske ta hagu, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa. In ba a canza fitilun ba, aikin bai ƙare ba.

Batun ramuwa kuwa, ɗan uwa, in ya dalle ka ka dalle shi, makafi biyu ke nan suka tunkari juna da gudu. Ƙifta masa sau ɗaya. In bai sauke ba, rage gudu, ka mayar da idonka gefen hanya na dama har ya wuce. Ba tsoro ba ne, gida kake son kaiwa.

Ina kuma ganin lokaci ya yi da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan VIO za su ɗauki fitilar da ke makantarwa da nauyin da suke ɗaukar fitilar da ta mutu. Bango ɗaya da layin fenti a wurin duba motoci sun isa a fara. Shugabannin tasha da ƙungiyoyin 'yan adaidaita sahu da 'yan acaɓa su ma su sa baki, domin waɗannan dogayen sandunan LED da ake ɗaurawa a goshin abin hawa, na jeji ne da gona, ba na cikin gari ba.

Amma kafin hukuma ta motsa, mu ne masu saye, mu ne masu sakawa, da yawa daga cikin 'yan rewayar ma sa'o'inmu ne. Yau da daddare, kai ɗan uwa, ke ma 'yar uwa mai tuƙi, a kunna dim, a fito daga mota, a taka kamar taku talatin zuwa gaba, a ɗan rusuna daidai tsayin wanda ke zaune a ƙaramar mota, a juyo a kalli fitilar. In kai mai ita ka runtse ido, to haka kake yi wa duk wanda ya haɗu da kai a hanya. Gobe da safe sai a nemi sukundireba da bango.

Allah ya kai mu gida lafiya.